Katin Ƙarshe a Kwalin Dinah

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Shekara talatin da takwas ke nan Malam Gregory Kumai bai ba ni amsa ba. Da wannan zan fara, tunda shi bakina ya saba faɗi.

Asabar goma sha ɗaya mutumin nan ya yi yana zuwa gidana a nan Kafanchan. Ya jingine kekensa a gindin mangwaro, ya zauna a kujerata, marigayiya matata Joanna ta zuba masa faten acca har da ƙari. Ni kuwa ina rera masa waƙoƙin da muke ɗaga ƙarfen dogo da su, domin ni ne mai ba da waƙa a cikin leburorin reluwe, sauran suna amshi. Waƙa arba'in da biyu. Ya rubuta, ya tafi, ya buga littafi da Turanci. Wani akawu ya karanta mani tsakiyarsa a bakin tasha. Ko'ina ka buɗe, wai "wani tsohon lebura ya ce." Wani tsohon lebura! A lokacin ko furfura ɗaya ban yi ba. Kamar ba a yi mani baftisma da suna ba.

Sunana Gershon Zamani. Ban shiga makaranta ba. Rubutun nan a ajin manya na coci na koya, don in karanta Littafi Mai Tsarki da kaina kada wani ya karanta mani ya rage. Ni ba na mantuwa. Kowa a unguwar nan ya san haka.

Littafin da nake rubutu a ciki na jikata Dinah ne. Shafi uku kawai ta ci.

Masu rumfa sun zo suna kwance rumfunan makokinta. Sun tattake mani gauta.

Litinin, la'asar

'Yata Angelina ta sake zuba abinci kwano uku.

Laraba, 5 ga Yuni, hantsi

Baƙi sun ragu. 'Yan zumuntar mata sun kwashe tukwanensu. Angelina, 'yata, uwar Dinah, ta shiga ɗakin yarinyar ta share. Na ce a bar ɗakin yadda yake, ta ce, "Baba, ɓeraye ba su san makoki ba."

Ta fito da kwalin takalmi. Babu takalmi a ciki. Kati ne, farare, an ɗaure su da roba, guda talatin da ɗaya. Na san su. Wata uku ina ganin Dinah tana shanya su a kan tabarma kamar mai shanya citta.

Dinah tana karatun digiri na biyu, furojet ɗinta a kan waƙoƙin leburorin dogo ne. Malamarta ta ce kafin ta rubuta ko layi ɗaya sai ta kawo jerin duk littafin da ta karanta da duk mutumin da ta yi hira da shi, kowanne da ɗan bayani a ƙarƙashinsa. Sunan abin da Turanci ya fi ƙarfin bakina. Sau huɗu ta faɗa mani, na ce mata ya yi kama da sunan ciwon hanta.

Angelina ta ce za ta ajiye kwalin a saman sif. Na ce ta ajiye shi a ƙarƙashin kujerata.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan azahar

Na sa Angelina ta karanta mani. Tana koyarwa a firamare, Turancinta ya isa. Tana karantawa tana juya mani da Hausa.

Kowane kati tsarinsa ɗaya. A sama sunan marubuci, sunan gidansu ne a gaba, sai shekara, sai sunan littafi, sai garin da aka buga shi. A ƙasa abu uku: me ya ce, a yarda da shi ko kada a yarda, wane amfani zai yi wa aikinta.

Katin farko na wani Bature ne. Ga abin da yarinyar nan ta rubuta a kansa: "Ya san nauyin kowane ƙarfe da aka shimfiɗa. Bai san sunan mutum ko ɗaya da ya ɗauke shi ba. Shekarunsa daidai ne, su kaɗai zan ɗauka." Na yi dariya har na ƙware. Angelina ta kalle ni, na daina.

Na tuna ranar da Dinah ta yi mani bayani. Ina gyaran ƙotar fartanya, ta zo ta zauna a kan turmi.

Na ce, "Amarya, wannan wane irin caca ne kike yi da rana tsaka?"

Ta ce, "Mijina, ba caca ba ne, shaidu nake jerawa. Ka taɓa zuwa shari'ar gona a gaban hakimi?"

Na ce, "Na je, na kuma ci."

Ta ce, "To kafin a fara, ai sai ka ce wannan wane ne, me ya gani da idonsa, me aka gaya masa, yana da ƙarya ko babu. Har shaidan abokin gabarka sai ka ambace shi, ka faɗi inda yake da gaskiya, ka faɗi inda ya kauce."

Na ce, "Shaidan abokin gaba korarsa ake yi."

Ta ce, "Shi ya sa babu mai son raba iyaka da kai, tsoho." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma ba a yi wa littafi shaida daga bango ko daga tsakiya. Sai ka karanta shi duka, har ɗan rubutun nan na gaba da kowa yake tsallakewa."

Mun karanta kati takwas. Muryar Angelina ta ƙare.

Juma'a, 7 ga Yuni, safe

Ruwa tun asuba. Takalman Dinah na roba suna bakin ƙofa, sun cika da ruwa. Ban taɓa ba.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan sujada

Fasto ya yi wa'azi a kan Ayuba. Kowa ya fito sai ya kama hannuna ya ce a yi haƙuri, Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Na san ayar. Na riga fasto saninta. Amma ba Ubangiji ne ya tare hanya ranar Talatar da aka kashe Dinah ba.

Wata mata ta ce, "Me ma ya kai ta Kajuru a irin wannan lokaci?" Na yi kamar kunnena na hagu, wanda ba ya ji, ta yi wa magana.

Talata, 11 ga Yuni, hantsi

Mako biyu.

Na zazzage kwalin da kaina. Ba na jin Turanci amma sunana na san kamanninsa a kowane harshe. Yana nan. Kati na ƙarshe, can ƙasa. Zamani, Gershon. Hira ta baki, Kafanchan, Maris zuwa Mayu.

Na kira Angelina na ce, "Ni ne na ƙarshe? Bature a gaba, Gregory a tsakiya, mai waƙar a gindi?"

Ta ce, "Baba, bi da bi ne na haruffa. A, B, C. Sunanka da Z ya fara. Ko gwamna ne, in Zamani ne sunansa nan zai zauna."

Na ce, "To karanta mani abin da ta ce a kaina."

Ta juya katin gaba, ta juya baya. Ta miƙo mani. Ta koma kicin.

Babu komai. Suna ne kawai a sama, ƙasa fari fat. Bature ya samu layi shida. Wata mata 'yar kudu da ta rubuta a kan waƙar masu jan kwalekwale ta samu layi tara. Ni da na goya ta a wuyana na kai ta ta ga jirgi, ko layi ɗaya.

Na san dalili. Hirar ba ta ƙare ba. Saura waƙa ɗaya.

Ba zan rubuta wannan yau ba.

Laraba, 12 ga Yuni, ƙarfe goma

Na sa Angelina ta kira malamar Dinah a jami'a, Dakta Hulda. Ta yi mana gaisuwa da kyau. Ta ce Dinah ce ta fi kowa a ajin.

Na karɓi wayar na ce, "Dakta, gaisuwa ta wadatar. Aikin yarinyar nan fa?"

Ta ce, "Baba, furojet ɗin bai kai ko rabi ba. Ba za a iya ba da digiri a kansa ba."

Na ce, "Ban tambaye ki digiri ba. Wa zai sa rigar digirin? Jerin nan nake magana. A ɗinke shi, a sa sunanta a bango, a ajiye a laburarenku. Domin wata rana wani yaro zai zo neman waƙar dogo, ya same shi, ya rubuta ta a nasa katin. Na san abin da ake yi wa aikin da ba shi da suna. An yi mani."

Ta ce ba a saba yin haka ba, amma manyan sashensu za su zauna ran ashirin da takwas ga wata, za ta kai maganar. Sai dai jerin ya zama cikakke. Kada a bar kati ko ɗaya babu bayani.

Na ce za a cika.

Asabar, 15 ga Yuni, la'asar

Mun ci gaba da karatu. Angelina tana tsammanin tsufa ya ci idona. Daga J ta yi tsalle zuwa L, ta tura kati ɗaya ƙarƙashin cinyarta.

Na ce, "Fito da Kumai."

Ta ce, "Baba, bar wannan."

Na ce, "Shekara talatin da takwas nake jiran wani mai ilimi ya rubuta cewa mutumin nan ɓarawo ne. Jikata ta rubuta, ke kuma ki zauna a kai? Katin ya cika gaba da baya, na gani."

Ta ce, "Ba zan karanta ba. Ka yi mani duka in kana so, na yi girma da gudu."

Haka uwarta take. Na ɗauki katin na sa a cikin littafin waƙoƙi na coci.

Litinin, 17 ga Yuni, azahar

Obadiah ya sa an kira ni a waya daga Kajuru. Shi kaɗai ya rage a cikin waɗanda muka ɗaga ƙarfe tare. Ƙafafunsa sun mutu, bakin yana nan.

Ya ce, "Gershon, kana nan da ran naka, mugun iri?"

Na ce, "Ina jiran in binne ka tukuna."

Ya yi dariya, dariyar ta koma wani abu. Ya ce, "Jikarka ta iso wurina, ka sani. Ta kawo mani burodi. Ta ci abinci a gidana."



Ya ƙara da cewa, "Waƙar kura ta tambaye ni. Na ce, 'yata, ni amshi kawai na sani, kalma uku. Bakin waƙar yana wurin kakanki, ai da shi kike kwana gida ɗaya. Ta ce, kakana ya yi yaji. Na ce, koma ki lallashe shi, kurarin banza ne da shi. Ta ce haka za ta yi. Ƙarfe biyu ta shiga mota." Sai ya ce, "Gershon, me ya sa ba ka ba ta ba?"

Na ce caji ya ƙare. Na miƙa wa Angelina wayar.

Zan rubuta don wanda bai sani ba. Idan lebura ya mutu a kan aiki, a kan kurar da muke tura kaya muke ɗora shi mu turo shi gida bisa layi. Akwai waƙar da ake yi. Ba a yin ta sai da gawa. Ko Gregory ban ba shi ba. Ba ta cikin kowane littafi, shi ya sa Dinah take son ta. Na yi mata alkawari zan faɗa mata kalmomin da baki, ba da rerawa ba.

Talata, 18 ga Yuni, safe

Mako uku. Na wasa fartanyar da ba ta bukatar wasawa.

Alhamis, 20 ga Yuni, bayan na dawo, kafin rana ta faɗi

Na je Manchok. Na gaya wa Angelina asibiti zan je. Tunda ta ƙi karantawa, na ce mai laifin zai karanta hukuncinsa da bakinsa.

Na sami Gregory a barandarsa yana ɓare gyaɗa. Ya bushe. Tabarau kamar gindin kwalba. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Mai waƙa? Kai ne, ko idona ne ya fara yi mani wa'azi?"

Na ce, "Au, yau ka san ni? Ba wani tsohon lebura ba?"

Ya ce, "Yanzu kam ka zama. Zauna, Baba Gershon. Na zo jana'izar, na tsaya a baya. Na san in ka gan ni za a yi jana'iza biyu."

Ban zauna ba. Na miƙa masa katin na ce ya karanta da ƙarfi, ya juya da Hausa, kada ya rage. Ya goge tabarau da bakin riga. Ga abin da ya karanta, na sa ya maimaita sau biyu:

"Kumai, Gregory. Waƙa arba'in da biyu, duka daga bakin mutum ɗaya. Na gwada su da abin da mai waƙar ya rera mani, babu inda marubucin ya canza kalma. Kuskurensa biyu: ya rubuta amshi kamar na mutum ɗaya ne, kuma bai faɗi wane aiki ake yi da kowace waƙa ba. Bai ambaci sunan mai waƙar ba. A gabatarwa ya ba da dalili: mai waƙar ne ya sa shi ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya yi alkawari ba zai faɗi sunansa ba, saboda ikkilisiyarsa. Ya ce littafin na mutumin nan ne, shi magatakarda ne kawai. Na yarda da shi. Wannan littafi ne ginshiƙin aikina."

Na ce, "Ƙarya kake ƙarawa."

Ya ce, "Rubutun jikarka ne. Kai wa kowane ɗan makaranta a titin nan."

Na ce, "Yaushe na ce maka haka?"

Ya ce, "Asabar ta ƙarshe. Ana shirin zaɓen dattawan ikkilisiya, sunanka yana ciki. Ka ce rabin waƙoƙin nan akwai burkutu da dodo a cikinsu, in fasto ya ga sunanka za a sa ka horo, ka koma bencin baya. Mama Joanna ce ta ɗauko Littafin daga ɗaki. Har ta ce maka, Gershon, wata rana za ka yi da-na-sani."

Na ce, "To me ya sa shekara talatin da takwas ba ka ba ni amsa ba?"

Ya cire tabarau. Ya ce, "Ka taɓa tambayata? Ka gaya wa masu nama, ka gaya wa masu faci, ka gaya wa duk Kafanchan. In ka hango ni sai ka tsallaka titi. Na aiko maka da littafin, ka mayar mani da shi a cikin ledarsa. Na yi alkawari a kan Littafi, Baba. In fito kasuwa in wanke kaina, ai na faɗi sunanka ke nan."

Matarsa ta kawo kunu. Ban sha ba. Da zan tafi ya ce, "Ta zo nan a watan Afrilu. Ta ce za ta karanta maka shafin da kanta, a ranar da ka tashi da fara'a. Ta ce tana ta jiran ranar."

Juma'a, 21 ga Yuni, safe

Ƙarya yake yi. Ni ba na mantuwa.

Juma'a, la'asar

Littafin mai baƙin bango ne, wanda kyankyasai suka ci shafukan Ru'ya ta Yohanna. Joanna ta goge hannunta a zane kafin ta ɗauko shi. Ana yayyafi. Keken Gregory yana da ƙararrawa ja.

Ba su ma zaɓe ni dattijon ba.

Lahadi, 23 ga Yuni, lokacin da mutane suke sujada

Ban je ba. Zan rubuta yanzu da babu kowa a gida.

Ranar Litinin, ashirin da bakwai ga Mayu, na ga littafin Gregory a kan tebur ɗinta. Na ce, "Ko littafin nan ya bar gidana, ko bakina ya rufe." Ta ce, "Kaka, shafi ɗaya kawai, na gaba. Bari in karanta maka." Na ce, "Na ji abin da ke ciki tun uwarki tana firamare." Ta buɗe ta fara. Na ƙara muryar rediyo. Ta ɗaga murya, na ƙara. Sai ta rufe littafin. Na ce, "Waƙar kura kuwa, je ki tambayi Gregory, tunda shi ne mai littafi."

Talata da safe ina wasa fartanya a gindin mangwaro. Ta fito da jakarta. Ta ce, "Mijina, na tafi Kajuru wurin kishiyarka Obadiah. Me zan sayo maka a hanya?"

Ta tsaya. Ta ce, "Kaka?"

Ta ƙara tsayawa kaɗan.

Ban ɗaga kai ba.

Litinin, 24 ga Yuni, hantsi

Na ce wa Angelina ta kawo biro. Ta ce ita za ta cika katin, ta san abin da za ta ce a kan ubanta. Na ce shi ya sa ba ita za ta cika ba. Ta dube ni, ta gane na je Manchok. Ba ta tambaya ba.

Na rubuta da Hausa, ta juya. Na bi tsarin yarinyar, abu uku.

"Zamani, Gershon. Lebura, mai ba da waƙa shekara ashirin da tara. Shi ne tsohon leburan da ke cikin littafin Kumai, ya kuma kwance wa Kumai alkawarinsa. Abin da ya ce: waƙa arba'in da biyu, da aikin da ake yi da kowacce, da sunayen mutum goma sha shida da suke amshi. A yarda da shi ko kada a yarda: a kan waƙa a yarda da shi, bai taɓa sauya kalma ba. A kan abin da ya shafi kansa kada a yarda sai an sami shaida na biyu. Yana riƙe laifin wani, yana sakin nasa. Ba ya jin littafi daga farko. Amfaninsa ga wannan aiki: ya ba da kusan duka. Ya hana waƙa ɗaya a ranar da aka tambaye shi. Tana bayan katin nan. Wannan bayani ba Dinah ta rubuta ba, shi ya rubuta, don ba ta samu ta gama ba."

Angelina ta kai tsakiya ta ajiye biro. Ta ce, "Baba, a cire wannan na laifin. Mutane za su karanta."

Na ce, "Bature ma ba ta rage masa ba."

Ta rubuta. Hawayenta ya ɓata kalma ɗaya, ta sake.

Laraba, 26 ga Yuni, azahar

An buga duka a shagon kwamfuta kusa da tasha, shafi goma sha huɗu. Na tsaya a kan mai bugawa har ya sa sunanta da manyan haruffa. Ya tura wa Dakta Hulda ta waya. Angelina ta ce za ta kai takardar da hannunta, na ce babu mai hawa hanya daga gidan nan.

Dakta ta rubuto kalma ɗaya, wai ta gani.

Juma'a, 28 ga Yuni, la'asar

Yau suka zauna. Wayar tana kan cinyata tun safe. Sau ɗaya ta yi ƙara, masu tallar waƙa ne.

Talata, 2 ga Yuli, safe

Mako biyar. Shiru.

Alhamis, 4 ga Yuli, hantsi

Angelina ta kira sau uku. Na farko ba a ɗauka ba. Na biyu wani ya ce Dakta tana taro. Na uku ya ce ba a kai ga maganar ba a zaman, abubuwa sun yi yawa, wataƙila zama na gaba. Na ce yaushe ne na gaba. Ya ce, "Baba, wa ke magana?" Na faɗi sunana. Ya ce in maimaita.

Gregory ya aiko da littafin. Wannan karon na cire ledar. Na sa Angelina ta karanta mani shafin gaba. Bai kai tsawon Zabura ta ashirin da uku ba. Ko ruwan shayi ba zai tafasa ba kafin a gama shi.

Talata, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Mako shida. Na je wurinta. Ƙasar ta zauna, ciyawa ta fara fitowa. Na cire da hannu.

Ranar da aka sa ta, waƙoƙin coci aka yi, ni kuwa bakina a rufe. Yau na ce, amarya, ga abin da kika tambaya. Yanzu babu dokar da ta hana. Na tsaya yadda nake tsayawa a gaban kura, na ba da waƙa:

Wanda ya ɗauki ƙarfe, yau mu muka ɗauke shi.

A nan mutum goma sha shida suke cewa, tura a hankali. Na bar musu wurinsu. Na ci gaba:

Bai yi nauyi ba, 'yan'uwa, bai kai rabin ƙarfe ba.

Na sake barin wurin. Akuya ce kawai a bayan shinge.

Mai ba da waƙa ba ya yi wa kansa amshi. Ba a taɓa yi ba. Haka na kai ta har ƙarshe, rabi waƙa rabi shiru, na dawo gida.

Yanzu ku saurara. Dakta Hulda, da manyan da suka zauna, da wanda ya ce in maimaita sunana. Shaidu talatin da ɗaya yarinyar nan ta jera muku. Ta karanta kowanne tun daga shafin farko. Ba ta yi wa ko ɗaya ƙarya ba, har wanda kakanta ya tsana. Na ƙarshen ya faɗi gaskiya a kan kansa, abin da bai yi ba shekara talatin da takwas. Babu katin da ya rage fari. Kun ce a cika, an cika.

Ba digiri na roƙa ba. Allura da zare, da bango, da suna. Dinah Zamani, sunana ta ɗauka. Da Z ne, na sani, a can ƙarshe za ta zauna. Ta zauna, amma a sa ta.

Ni na san abin da shiru yake yi wa mutumin da ya tsaya da jaka a kafaɗa yana jira. Na yi wa wata. Kada ku ce mani ana taro. In e ne ku ce e. In a'a ne ku ce a'a, ku faɗi dalili, in ji da kunnena na dama. Shekarata tamanin da biyu, ba ni da zama na gaba.

Wayar tana kan cinyata, da caji. Na kashe rediyo.

Wani ya amsa mani.